Ku Tambayi Kawu: uba na Tupac, ɗa na drill

Tun da na ambaci tsohon shagona na rakodin a fitowar da ta gabata, saƙonni suka yi ta kwararowa a kan waƙar rap, har suka danne na masu tambayar gyaran amfilifaya da kuɗin hayar lasifikar biki. Na tsamo guda biyar. Masu tambayar janareta ku yi haƙuri sai wata mai zuwa.

TAMBAYA: Malam, salamu alaikum. Ni magidanci ne, shekaruna 47, ina sayar da kayan gyaran mota. Da ƙuruciya na ji rap ƙwarai, har Makaveli, laƙabin Tupac, mawaƙin rap na Amurka, ake ce mini a unguwa. Yanzu babban ɗana, ɗan shekara 17, shi ma rap ɗin yake ji, amma wallahi abin da yake ji ban san sunan da zan ba shi ba. Ba baiti, ba ma'ana, murya ta na'ura, kafin ka gyara zama waƙa ta ƙare, wadda aka yi da Hausa kuma rabinta ashar ne da fariya. Na kunna masa Tupac don ya ji waƙa ta gaske, sai ya ce wai kiɗan tsofaffi ne, barci yake sa shi. Shin rap ɗin ce ta lalace, ko kunnen yaran ne ya toshe?
Daga wani uba, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin mu hau kan yaron, ga tambaya ɗaya, ba sai ka aiko mini da amsarta ba: a 1996, in Tupac ya jero layi goma, nawa kake ganewa?

Na tambaya ne domin irinmu ne muka sayar muku da kaset-kaset ɗin, mun kuma san yadda kuke jin su. Shagona bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba: dek mai baki biyu, da kwalayen emti na TDK mai minti 90, da lasifika ɗaya a bakin ƙofa. Uwar kaset daga Sabon Garin Kano take zuwa, ita ma kwafin kwafi ce, ni kuma in yi ta juye ta har muryar ta fara dishewa. Samari su zo da 'yar takarda sun rubuto sunayen waƙoƙin da suke so, rabi ba daidai ba, sai mutum ya rera mini kafin in gane wadda yake nufi. Masu naci a cikinsu har littafi suke warewa, irin na makaranta. A kunna, a tsayar, a rubuta abin da kunne ya ɗauka, a zare kaset a mayar da shi baya da biro don kada batir ya ƙare, a sake kunnawa. Na sha buɗa littattafan nan. Abin da ke ciki ba Turanci ba ne, ba kuma Hausa ba. Da za a miƙa wa Tupac, ba zai shaida waƙarsa ba.

To a nan maganar take. Kai kiɗan ka so, da muryar, da yadda yake fizgo magana yana huci, da ɗaurin kallabin nan mai ƙulli a goshi. Ma'anar daga baya ka tsinto ta, kaɗan-kaɗan, a bakin abokai. Faifan asali a Amurka yana zuwa da tambari baƙi da fari na gargaɗin iyaye, wanda aka tsayar da siffarsa tun 1990. Kwafin da ke isowa Katsina ba tambari, ba takarda. Mahaifinka na zaure yana jin hayaniya daga ɗakin samari, iyakarsa ya aiko a rage. Da ya san abin da ake faɗa a waƙar nan ta 1996 da Tupac ya yi wa abokin hamayyarsa a rap, Biggie, wadda ya buɗe da cin mutuncin iyalin mutumin da kalmomin da mujallar nan ba za ta buga ba, da rediyon ta kwana a rijiya. Iyayen can, masu jin yaren, sun yi irin kukan da kake yi yanzu. A 1992 mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Dan Quayle, ya fito fili ya ce faifan Tupac na farko ba shi da gurbi a cikin al'ummarsu. Zamanin ma bai ƙare da daɗi ba: an harbe Tupac a Satumbar 1996 yana ɗan shekara 25, aka harbe Biggie a Maris na 1997 yana ɗan 24. Wannan shi ne zamanin da mu tsofaffi muke kira na ma'ana.

Ɗanka kuwa da Hausa ake yi masa, da Turancin buroka, yarukan da kai ma kake ji. Ashar ɗaya da Hausa ta fi ɗari da Turancin baƙaƙen Amurka zafi a kunnenka, saboda wannan ka san nauyinta, ka san irin bakin da take fitowa a tasha. Laifi tudu ne, Alhaji. Naka yare ya rufa masa asiri, nasa ne a fili.

Ban ce Tupac ba shi da waƙoƙin hankali ba. Wadda ya yi wa mahaifiyarsa a 1995 har gobe tana sa ƙato ya yi shiru. Sai dai shekaru sun tankaɗe mana kayan, garin ya tsaya a hannunmu, tsakin muka zubar muka manta. Ni ban manta ba, don ni na kwafe shi. A farkon shekarun 1990 babu abin da ya kai MC Hammer da Vanilla Ice kasuwa a shagona, har teloli suka koyi ɗinka wandon nan mai zurfin hantsa. Wa ke neman su yau? Zaɓaɓɓun waƙoƙin shekara goma ka ɗauko kake gwadawa da duk abin da ya faɗo wayar yaro a satin nan.

Amma kunnenka bai yi maka ƙarya ba. Kiɗan ya canza, kuma da dalili. Rap ɗin da ka sani a kan tsofaffin faya-fayan funk da soul da jazz aka gina ta: a yanko guntun kiɗan wani, a yi ta maimaita shi, a ɗora ganga a kai. Tun asali haka take. Bikin da ake lissafa haihuwarta daga gare shi, na 11 ga Agustan 1973 a unguwar Bronx ta New York, DJ Kool Herc ne ya yi kiɗansa, mutumin da ya yi suna da haɗa injin faifai biyu yana maimaita daidai wurin da ganga ta rage ita kaɗai. A 1991 wata kotu a New York ta yanke hukunci a kan mawaƙi Biz Markie, cewa ɗaukar guntun waƙar wani ba izini laifi ne. Daga nan kowane yanki sai an nemi izini an biya, abin ya yi tsada. Masu kiɗa na kudancin ƙasar Amurka, musamman Atlanta, su dama sun fi dogara ga injin ganga, da sautin wani da kamfanin Roland ya fitar a 1980 mai suna TR-808, mai wata murya can ƙasa da ke girgiza ƙirji. A nan salon rap da ake kira trap ya fito. Drill kuma, ita ma wani salon rap ce, a Chicago ta tashi a farkon shekarun 2010, ta tsallaka Landan ta sauya kama, ta sauka Kumasi ta Ghana wajen 2020, ta iso mu. Yau yaro da kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya da manhajar FL Studio zai haɗa kiɗa a ɗakin uwarsa a Sabon Layi, ba makaɗi, ba faifai.

Sannan ina da yaƙinin ba ka taɓa jin waƙar ɗanka ba. Abin da kake ji shi ne abin da ke tsiyayowa daga iyafis ɗinsa ko daga 'yar lasifikar waya, tsit-tsit-tsit ɗin nan na sama. Nauyin kiɗan yana ƙasa, inda lasifikar waya ba ta kaiwa. Kwanaki wasu 'yan makaranta suka yi hayar kayana don walimar kammala karatu, suka sa irin wannan kiɗa a manyan akwatuna, sai ga kwanon rumfar maƙwabci yana karkarwa, ƙusoshi na amsawa. Ban ce ya burge ni ba. Amma wannan shi ne abin da yaron ke ji, kai ba ka ji.

Muryar na'ura kuwa Auto-Tune ce, manhajar da ta fito a 1997 don gyara wa mawaƙi inda murya ta kauce. T-Pain ya mayar da ita ado a tsakiyar shekarun 2000, na baya suka ɗauka. A nan ma a yi adalci. Waƙoƙin finafinan Hausa da ke tashi a motarka kullum, in an zare musu ita da yawa ba za su sauraru ba, ban kuma ga ka kawo ƙararsu ba.

Inda na fi yarda da kai shi ne gajartar waƙa, kuma kuɗi ne ya jawo ta. Da, ka riga ka biya kuɗin kaset kafin ka ji, tsallake waƙa kuma cin batir ne, dole ka zauna ka ji har ƙarshe. Waƙar da ba ka so ranar farko, bayan wata guda ita ce taka. Mawaƙi na da sararin yin baiti uku dogaye, ya ɗauko labari daga tushe ya kai shi ƙarshe cikin minti biyar. Yanzu Spotify ba ta lissafa an ji waƙa sai ta kai daƙiƙa 30, babban yatsan yaro kuma yana kan gilashin waya a shirye. A TikTok ma guntun da za a yi rawa da shi kawai ake nema. Waƙar Lil Nas X da ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard a 2019, zubinta na farko bai cika minti biyu ba, kuma ta TikTok ta tashi. Mai son cin abinci da waƙa dole ya jefo amshi tun a bakin ƙofa, ya tattara ya tafi kafin a ture shi. Baiti na uku ya kusa ɓacewa, kuma a wurina asara ce babba, don a baiti na uku ake bambance mai magana da mai surutu. Masu dogon numfashi ba su ƙare ba dai, neman su ake yi. Kendrick Lamar ya ci kyautar Pulitzer a 2018, abin da babu mai rap ɗin da ya taɓa samu kafin shi, kuma ina kyautata zaton ɗanka ya san shi.

Shawarata, ka daina kunna masa Tupac a matsayin horo. Ku nemi lasifika mai kyau wata ranar Lahadi da yamma, kowa ya kawo waƙa uku, ka ji nasa har ƙarshe ba tsaki, shi ma ya ji naka. Sai dai ka shirya. Yaron nan yana da data, baitocin Tupac duk suna intanet a rubuce, kuma ya fi ka jin Turancinsu. Ka zaɓi ukun naka da lura.

TAMBAYA: Kawu, don Allah da gaske ne Tupac bai mutu ba, yana ɓoye a ƙasar Kuba? Yayana har rantsuwa ya yi.
Daga wani mai Keke Napep, Ƙofar Guga

AMSA: Ɗana, ka ce wa yayanka ya nemi malami ya tambayi hukuncin rantsuwarsa. An harbe shi a Las Vegas ranar 7 ga Satumbar 1996, ya mutu a asibiti ranar 13 ga watan. Abin da ya raya jita-jitar shi ne ya bar waƙoƙi da yawa da bai fitar ba, aka yi ta sakin su shekara da shekaru bayan mutuwarsa. A Satumbar 2023 ma an kama wani mutum, Duane Davis, aka gurfanar da shi a Las Vegas bisa zargin hannu a kisan.

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Wani malaminmu ya ce mana rap asalinta tamu ce, 'yan gambara suka fara ta, bayi suka tafi da ita Amurka, kuma Shata ne mawaƙin rap na farko. Na rubuta haka a Facebook aka yi mini dariya. Wa ke da gaskiya?
Daga wata ɗaliba, Daura

AMSA: 'Yata, ki gaishe mini da malaminku. Kishinsa ya yi, amma kama da wane ba wane ba ne.

Kamar tana nan, ba musu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar ƙauye ya ga 'yan gambara na jifan juna da magana, ɗaya ya jefa ɗaya ya cafe, da sauri, da zambo da habaici da batsa, jama'a na dariya suna miƙa kuɗi, to ya ga abin da matasan Amurka ke yi in sun kewaye mutum biyu ana gasar cin fuska. Kirarin ɗan dambe kafin ya shiga fage, ni ne wane, na kashe wane a gari kaza, shi ne fariyar da kowane mai rap ke yi. Shata kuma, haifaffen Musawa, wanda ya rasu a 1999 aka binne shi nan garinku Daura, ya shahara da ƙirƙirar waƙa nan take, ya dubi mutum ya ɗora masa baiti ba shiri. Bakandamiyarsa ma kirarin kai ce.

Sai dai Shata rerawa yake yi, da kalangai da 'yan amshi, a kan tsarin makaɗan Hausa da ya tarar. Rap kuwa an san inda aka haife ta, an san waɗanda suka yi: unguwannin talakawa na New York a shekarun 1970, 'ya'yan baƙaƙen Amurka da na 'yan ci-rani daga tsibiran Karebiyan. Kool Herc ɗin da na ambata a sama a Jamaika aka haife shi, can ya ga yadda masu manyan lasifiku ke surutu a kan kiɗa a wurin rawa. Su ma baƙaƙen Amurkan suna da nasu wasan zage-zage na yara tun da daɗewa, da salon masu wa'azin coci, da kirarin Muhammad Ali kafin dambe. Faifan da ya fara fitar da ita duniya, na Sugarhill Gang, a 1979 ya fito, lokacin Shata ya fi shekara talatin yana waƙarsa ba ruwansa da su. Masana da dama na danganta wannan baiwar baki da maroƙan Afirka ta Yamma, irin na Mali da Senegal, har wata ƙungiyar rap ta Senegal, Daara J, ta gina faifanta na 2003 a kan cewa rap a Afirka aka haife ta, ta girma a Amurka, ta dawo gida. Magana ce mai daɗi, tana kuma da ƙamshin gaskiya in ana zancen tsatso da al'ada. Amma daga nan zuwa a ce gambarar ƙasar Katsina ce ta hau jirgin ruwa, akwai tazara.

Ni abin da ya fi damuna daban ne. Me ya sa sai mun liƙa wa Shata rap kafin mu ga girmansa? Mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa da kalangunsa ba ya bukatar aron hula. Amfanin kamar nan guda ne: ta sauƙaƙa wa rap shiga kunnen Bahaushe da zarar an juya ta da Hausa. Kakarki da ba ta san Bronx ba, in ta ji yaro na jero kirari a kan kiɗa, ta san sana'ar, ta kuma san matsayin da ake ba mai yin ta. Shi ya sa za ki ji ta ce roƙo ne.

TAMBAYA: Malam, ni malamar firamare ce, uwar 'ya'ya huɗu. Ɗana na biyu, shekararsa 15, kullum kunnensa a toshe, sai na kira sau uku yake amsawa. Na karɓi wayar na saurara, na ji ana ta ambaton bindiga da ƙwaya. Ina tsoron kada ya bi ƙauraye. In ƙwace wayar?
Daga wata uwa, Rafin Daɗi, Katsina

AMSA: Malama, kin taɓo babban bambancin zamaninsu da namu, wanda ya fi na kiɗan kansa. Mu rediyo ɗaya ce a ɗakin samari, mutum takwas a kanta, duk gida na ji har maƙwabta. Ko ba a gane yaren ba, an san me ake ji, an san da wa ake ji. Da wayar salula ta shigo a 2001, cikin 'yan shekaru aka koma memori da bulutut da masu tura waƙa a bakin kasuwa. Rediyon ta shige aljihu, daga aljihu ta shige kunne. Yanzu yaro na zaune da ke a tabarma ɗaya, amma yana Chicago.

Abin da kika ji kuma gaskiya ne. Drill daga rikicin gungun 'yan daba na Chicago ta fito, a Landan ma sai da 'yan sanda suka sa YouTube ta sauke wasu bidiyoyinta a 2018. Zancen ƙwaya shi ma ya sauya. Na zamaninmu sun fi yin fariyar sayarwa, na baya-bayan nan da yawa fariyar sha suke yi, musamman maganin tari mai kodin. Juice WRLD, wanda yaran nan ke so ƙwarai, ya mutu a Disambar 2019 yana ɗan shekara 21, binciken likitoci kuma ya nuna kodin da wani maganin kashe raɗaɗi mai suna oxycodone ne suka yi masa yawa. Mu nan ba baƙin kodin ba ne. Kin tuna a 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Duk da haka, ƙauraye sun girmi drill a Katsina nesa ba kusa ba, kuma ba ta waya aka jawo su ba. Cikin samarin da suka yi ta sayen kaset ɗin harbe-harbe a wurina, yau akwai likita, akwai mai jan salla a masallacin unguwa, akwai kuma wanda ya lalace, shi kuwa tun kafin kaset ɗin an san da wa yake yawo. Ki sa ido a kan abokansa, da lokacin dawowarsa gida, da kuɗin da ke ɓacewa ko ke bayyana ba dalili, da barcin rana da jan ido. In waɗannan lafiya lau, waƙar ba ta isa ta ɗauke miki shi ba. In kin ƙwace wayar zai ji a ta abokinsa, ke kuma kin rufe tagar da kike leƙawa. Gara ki kafa doka: ba iyafis a wurin cin abinci, ba lokacin salla da karatu, waya kuma ta kwana a ɗakinki. Sannan ki zaunar da shi ya fassara miki waƙa ɗaya, layi-layi, da bakinsa, yana kallon ki. Kunya za ta yi miki rabin aikin.

Kiran nan sau uku shi ya fi tsaya mini a rai. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin na'urar. In kina jin tsit-tsit daga inda kike zaune, ya yi yawa. Kunnen da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Ki tambayi duk wanda ya tsufa a gaban lasifika, sai dai ki ɗaga murya.

TAMBAYA: Kawu, ni ɗalibi ne, ina taɓa rap. Abokaina sun ce in ina son in yi nisa in yi da Turanci, wai Hausa iyakarta Zariya. Wasu kuma sun ce rap ma ta mutu a Najeriya, Afrobeats ta cinye ta. Ga wata waƙata nan na haɗo, a duba mini.
Daga wani matashi, Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA: Ɗana, wannan gardamar an yi ta a Legas an gama tun kana rarrafe. Farkon masu rap a Najeriya sun yi ta kwaikwayon harshen Amurka, har da magana ta hanci. Waɗanda suka fara shiga gidajen mutane su ne masu yi da buroka, irin Junior and Pretty a farkon shekarun 1990. Eedris Abdulkareem, wanda a Kano ya tashi, da buroka ya yi waƙar nan ta 2004 a kan taɓarɓarewar ƙasa, wadda ta fusata Shugaba Obasanjo. Mode 9 da M.I sun nuna ana iya yi da Turanci a yi suna, ba a musu. Amma Dagrin, kafin hatsarin mota ya yi ajalinsa a 2010, ya nuna Yarbanci na sayuwa, Olamide ya ɗora a kai, Phyno ya yi da harshen Ibo. Da aka ga kuɗin, babu wanda ya sake ce musu iyakarsu Ibadan ko Enugu.

Mu nan, rap ɗin Hausa ta farko da ta shigo shagona ba daga Kano ta zo ba. Direbobin hanyar Jibiya ne suka riƙa kawo kaset-kaset daga Maraɗi, na samarin Nijar irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya, masu cakuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Daga baya Kano ta yi su Ziriums da Nomiis Gee, Bauchi ta ba da ClassiQ da B.O.C Madaki, Kaduna ta ba da DJ AB, tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 kuma ta ba su fili a talabijin. Wanda ya ce Hausa iyakarta Zariya bai taɓa zuwa Damagaram ba, ko Agadas, ko zangon Kumasi, ko Garwa ta Kamaru.

Zancen mutuwar rap kuwa ba yau aka fara shi ba. M.I kansa ya yi wa 'yan'uwansa faɗa a kan haka a 2017, sai ga Odumodublvck ya taso daga Abuja a 2023 ya cika gari. Kasuwar ce ta koma hannun masu haɗa baiti da amshi mai daɗin rerawa.

Yanzu ga aikin. Hausa tana da tarko ɗaya. Kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, don haka amsa-amo ba shi da tsada: mota, gona, rana, Amina, ka yi layi huɗu ba ka ce komai ba. Rabin abin da matasa ke turo mini haka yake. Wahalar tana ga tsawon wasali da hawa da saukar murya. In ka matse kalma don ta shiga kiɗan da aka auna wa Turanci, sai ta koma wata kalmar, ko ta fita daga Hausa ɗungurungum, mai sauraro kuma zai ji wani abu ya karkace ko da bai iya faɗin mene ne ba. Ka nemi rubutattun waƙoƙin Aƙilu Aliyu da Mu'azu Haɗeja ka karanta da ƙarfi, ka ji yadda suke auna gaɓa. Ka je dandalin dambe ka saurari masu kirari, ka lura da inda suke jan numfashi.

Kuma ka yi da Katsinancinka. Yawancin waƙoƙin da ake turo mini daga garin nan, sai in ji yaro na aron harshen Kaduna ko na Jos, yana zancen unguwannin da bai taɓa takawa ba da motocin da bai taɓa shiga ba. Ga kuɗin makaranta, ga tsadar kwanon masara, ga hanyar Jibiya da ta Batsari da mutane ke bi da addu'a a baki, ga mutanen ƙauye da 'yan bindiga suka koro cikin gari. Ban cika jin su a baitocinku ba.

Waƙarka na saurara. Baiti na biyu ya fi na farko, ka musanya su. Muryarka ta nutse a ƙarƙashin kiɗan, ka ce wa mai situdiyon ya ɗaga ta, ya kuma rage Auto-Tune ɗin. Kafin ku saki, ku ji ta a ƙaramar waya tukuna, don a nan mafi yawan mutane za su fara jin ta.